Haƙora Ashirin da Huɗu: Jinjina ga Baba Mai Awo

Da ƙarfe bakwai da rabi na safe ake jin kukan ƙofar shagon Baba Mai Awo, kuma duk wanda ke layin ya san ba ta buɗuwa a tashi ɗaya. Sai ya ɗaga ta rabi, ta cije, ya yi mata 'yar magana, sannan ta yarda ta hau. Mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana gyara kayan jama'a, har yau bai sami sukunin ɗiga wa ƙofarsa mai ba. Idan ya shiga sai ya yi shara, ya shimfiɗa wani tsohon tawul a kan tebur, ya jera kayan aiki yadda ya jera su jiya: sukuddireba uku, filaya, ƙarfen narka dalma, gilashin ƙara girman abu, da ma'aunin ƙarfe mai baki biyu, wanda ya jawo masa laƙabin da ya danne sunansa. Daga ƙarshe ya zare allura daga kwalar rigarsa ya soka a gefen tawul. Sai a lokacin yake amsa gaisuwa da kyau.

A ƙarshen watan nan zai miƙa makullin shagon ya koma gida, domin bayansa ya daina yarda da dogon sunkuyo. Ba za a yi taro ba, ba kuma wanda zai rataya masa lambar yabo. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi wani abu a kansa yanzu, yana raye, yana iya karantawa ya ja tsaki ya ce an cika surutu.

Aikinsa gyaran kayan sauti ne: rediyo, amfilifaya, lasifika, da jitar lantarki, wadda ita ya fi ƙauna ko da yake bai iya kaɗa ko waƙa ɗaya ba. A jikin irin wannan jita akwai maɓalli biyu ko uku da makaɗi ke murɗawa ya ƙara sauti ko ya rage. Shi maɓallin hula ce kawai ta roba. Ainihin mai aikin yana ɓoye a cikin katako, wani ɗan abu mai kama da murfin kwalba da masu gyara ke kira bolum, kuma sandarsa ce ta leƙo waje aka kifa mata maɓallin. Sandar ba ta kai gaɓar yatsa tsawo ba, an tsaga ta biyu daga sama, jikinta duk 'yan haƙora. To, a nan rigimar take. Wata sandar haƙoranta goma sha takwas ne, manya-manya, wata kuma ashirin da huɗu, ƙanana. Da ido ba ka bambance su. Shi ma maɓallin yana da nasa haƙoran a ciki, kuma in ba su zo daidai da na sandar ba, ba za su taɓa zama lafiya ba.

Yawancin mutane ba ruwansu da wannan. In maɓalli ya ƙi shiga, a danna da ƙarfi. In ya ƙara ƙi, a matse sandar da filaya. In ya yi lako-lako, a tsiyaya masa gam. Baba yakan ce rabin aikin da ke zuwa teburinsa masu dannawa ne suka haifar da shi, amma hakan bai sa ya ƙaunace su ba. Shi kuwa sai ya ɗauki allura, ya kara gilashi a ido, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe. A kantar da ke bayan kujerarsa akwai gwangwanaye uku na maɓallai. An rubuta wa na farko sha takwas, na biyu ashirin da huɗu, na ukun kuma an rubuta masa "ban sani ba tukuna".

Tela, maƙwabcinsa na shekara talatin kuma abokin tsokanarsa, shi ya ba ni labarin wani mai gaggawa da ya taɓa tsayawa da mota ko kashe ta bai yi ba.

"Baba, maɓallin jita nake so, baƙi, guda ɗaya."

"Ina jitar?"

"Tana gida. Maɓalli ne fa kawai, Baba!"

"Na ji. Je ka ɗauko ta."

Mutumin ya figi mota yana faɗin tsoho ya cika iyayi, ya je wani wuri aka ba shi abin da ya nema. Bayan kwana biyu ya dawo a ƙafa, rungume da jita, sandar bolum ta karye. Baba bai ce masa "ai na gaya maka" ba. Ya dai tura masa kujera, ya zare allura. Tela ya ce da shi ne, gara a zage shi da wannan shirun.

Malamar kiɗa ta wata makaranta ita ma tana da nata labarin. Jita tara ta gada a wani ɗakin ajiya, kowace da irin nata ciwon, maɓallan duk an yi musu musaya kamar takalman yara a bakin ƙofa. Baba ya je ranar hutunsa, ya zauna a kan kujerar ɗalibai wadda ta yi masa kaɗan, ya mayar wa kowace sanda da hularta. Da ta yi masa godiya sai ya ce ta bar godiyar, ta dai ɓoye filaya.

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa cewa "duk ɗaya ne" ba. Kai ne mai ƙirga abin da kowa ya ɗauka bai kai a ƙirga ba. Mun sha yi maka dariya a kan haka, ni ma na yi, kuma yau ina jin kunyar wannan dariyar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da Bahago a watan jiya.

Bahago makaɗin jita ne, shekararsa talatin a ƙungiya ɗaya, kuma da hannun hagu yake kaɗawa, kamar yadda laƙabin ya nuna. Abin da aka san shi da shi ba gudun yatsu ba ne. Yana da wata dabara: sai ya naɗe ƙaramin yatsansa na hagu a jikin maɓalli, ya taɓa tsirkiya sautin na kashe, sannan ya murza a hankali, kukan jitar ya taso daga ba komai har ya cika wuri. Mata na goge ido in ya yi wannan, mazan kuma su hau gyaran murya. Bara ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidansa. Shanyewar ɓarin jiki, kuma na hagu. Wata takwas ya yi yana zarya a asibiti, yana matsa ƙwallon roba, yana tsintar tsakuwa daga faranti yana zubawa a kofi, har hannun ya dawo, likita ya ce ya koma bakin aikinsa.

Ya koma. A bita ta farko komai ya tafi daidai har aka zo wurin nasa. Ya naɗe yatsa ya murza, shiru. Ya ƙara murzawa, sai jitar ta kurma ihu ta danne muryar mawaƙiya. Sau uku ana sakewa, sau uku haka. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ci masa rai. Shugaban ƙungiyar ya dafa kafaɗarsa ya ce ya je ya huta, a sake gwadawa ranar Asabar.

Ranar Talata da hantsi ya shigo shagon Baba, matarsa na biye da shi. Ya ɗora jitar a kan tawul bai ko zauna ba.

"Baba, ga ta nan. Ka rataye ta a bango, ko ka ba wanda zai iya."

"Me ta yi maka?"

"Ba ita ba ce, ni ne. Hannun ya tafi. Ina murzawa ban san inda nake ba. Ranar Asabar zan je in ce su nemi wani, in daina ɓata musu lokaci."

Matar ta kau da kai tana kallon titi. Ita ce ta riƙa yanka masa farce da ɓalle masa maɓallin riga wata takwas, kuma ta fi kowa sanin abin da zai zama in ya koma gida ya zauna.

Baba bai lallashe shi ba, don bai iya lallashi ba. Ya yago ɗan ƙyalle, ya zagaya shi ƙarƙashin maɓallin, ya ja sama. Maɓallin ya fito ba gardama, wani baƙin gari ya zubo a kan tawul. Ya leƙa cikinsa, ya leƙa sandar, ya zare allura. Ana jin ƙarar keken ɗinkin Tela daga bayan bango.

"Wa ya sa wannan maɓallin?"

Bahago ya ce ai shi ne na asali. Sai matar ta yi ƙasa da murya. "Ba shi ba ne. Lokacin da kake kwance jitar ta zame daga jingine, tsohon ya fashe. Ƙanena ya sayo mai kama da shi ya sa, don kada ka tashi ka gani ranka ya ɓaci. Ya ƙi shiga, sai da ya matse da filaya."

"Sandar ashirin da huɗu ce," in ji Baba. "Maɓallin sha takwas. An danna, haƙoran cikinsa sun cinye. Wani lokaci ya kama, wani lokaci ya zame. Kana murza hula ne, sandar na tsaye, sai can ta fizga gaba ɗaya. Ba hannunka ba ne, Bahago."

Bahago ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Kowa lallashina yake yi. Likita, matata, yanzu har da kai, Baba." Ya kai yatsa kan tsirarar sandar ya gwada murzawa, yatsan ya zame. "Ka gani?"

"Ko ni mai lafiya ba na murza tsirarar sanda da yatsa ɗaya. Ka kuma ɗauke hannunka, ɓari ɗaya na sandar ya tsage daga gindi, saura ƙiris ya karye."

"Bar shi kawai, Baba."

"Ka ba ni lokaci zuwa Juma'a da la'asar. Zan sa mata maɓallin da ya dace. Ka murza sau ɗaya. In bai yi ba, ni da kaina zan buga ƙusa in rataye ta."

Bahago ya ɗaga kafaɗa ya fita. Matar ta bi mijinta.

Da suka tafi Tela ya leƙo, tef a wuya, don kunnensa ba ya barin komai ya wuce. "Kai dai ka cika son wahala. Cire bolum ɗin gaba ɗaya ka sa sabo, ga su nan fal a kantarka."

"Na masu dama ne. Na bahago juyinsa daban. In na sa masa irin wannan, sautin zai maƙale sai a ƙarshe ya zubo gaba ɗaya. Yatsan da ya shekara talatin da sanin hanya ɗaya, kuma mai shi ya riga ya daina yarda da shi, in ba shi baƙuwar hanya? Ai na gama da shi ke nan."

Ya sauko da gwangwanin ashirin da huɗu ya juye a kan tawul. Guda biyar ne. Uku sirara ne masu santsi, yatsan da ya sha jinya ba zai kama su ba. Ɗaya ya yi tsawo, zai riƙa karo da hannu. Na biyar ya tsage. Abin da ake bukata mai faɗi ne, gajere, mai gurzi-gurzi a gefe, mai haƙora ashirin da huɗu. Ya juye gwangwanin "ban sani ba tukuna", ya ƙirga har rana ta karkata, babu. 'Yarsa ta duba masa a waya ta samo irinsa a wata ƙasa, amma sai bayan mako uku zai iso. Baba ya ce mako uku ya yi wa Asabar nisa.

Ranar Laraba ya rufe shago ya nufi kasuwar kayan lantarki. Bai ɗauki jitar ba, don ba ya yarda a yi gwaji a kan kayan mutane, balle sandar da ke jiran dalili ta karye. Wani mataccen bolum mai haƙora ashirin da huɗu ya jefa a aljihu. Rumfa-rumfa ya bi. Ko'ina sai a zube masa maɓallai masu ƙyalli, ya ɗauki ɗaya, ya kifa a kan sandar aljihunsa, ya ji ya tsaya a baki, ya ajiye.

"Baba, danna mana! Ai sabo ne, dole ya yi tauri," in ji wani mai rumfa.

"Sha takwas ne."

"Duk ɗaya ne, Baba. Kowa shi yake saye."

"Shi ya sa kowa yake zuwa wurina."

Rumfa ashirin da shida ya shiga, har masu kasuwa suka fara nuna shi da baki suna cewa ga tsohon nan mai allura. Ya dawo gida da yamma yana dafe da ƙugu. Matarsa ta kawo masa ruwan zafi da tawul, ta haɗa masa da faɗa.

"Saura kwana nawa ka ajiye aikin nan? Sai ka ƙarasa bayan naka a kan hular roba?"

"Ba hular roba nake nema ba. Hannun mutum nake nema."

Ta matse tawul ɗin, ta ɗora masa a baya da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Ranar Alhamis ya ce sabbin kaya sun ƙi, sai a koma wa tsofaffi. Tela ya rufe shagonsa ya bi shi, wai don kada ya faɗi a hanya a rasa mai ɗauko shi, ya kuma yi mita tun daga bakin layi har filin masu gwangwan. Can ne ake jibge matattun firji da talabijin da injinan da ba wanda ya tuna aikinsu. Baba ya durƙusa a cikin wannan tsibi, rana na dukan ƙeyarsa, yana juya rediyo bayan rediyo. Tela ya tsaya riƙe masa da lema yana lissafa rigunan mutane da ya bari ba hannu. Sun sami maɓallai masu sukuru a jikin wani injin, Baba ya kafa ma'auni ya ce ramin ya fi sandar faɗi da kaurin gashi, zai riƙa rawa. Tela ya ce kaurin gashi ai ba komai ba ne. Baba ya dube shi, Tela ya ce ya janye.

Da rana ta yi sanyi ƙarfe ya yanki Baba a tafin hannu, ya ɗaure da hankici ya ci gaba. A nan ne mai filin, wanda tun safe yake kallonsu daga inuwa, ya taso.

"Baba, wai me kake nema haka kamar ka yar da zinariya?"

Baba ya nuna masa bolum ɗin, ya kwatanta masa maɓallin da hannu.

"Mai faɗi, mai gurzi a gefe? Akwai wata tsohuwar amfilifaya, nauyi kamar dutse, mai irin waɗannan. Na ba mai facin da ke bayan tashar mota, yana zama a kai. Amma ya tashi yanzu, sai da safe."

Juma'a tun kafin a buɗe shaguna suna bayan tasha. Ga mai faci, ƙato, ya baje a kan wani baƙin akwati yana goga tayar keke. Baba ya yi sallama, ya kuma durƙusa a gabansa yana leƙen tsakanin ƙafafunsa.

"Lafiya, Baba? Me na taka?"

"Ɗan tashi, ɗana. Kujerarka nake son gani."

Mai faci ya miƙe yana kallon Tela, Tela ya yi masa alamar ya yi haƙuri, haka Allah ya yi shi. Daga maɓallai shida na amfilifayar biyu suka rage. Baba ya zagaya ƙyalle ya ja na farko, ya ruguje a hannunsa, rana ta gama cinye shi. Ya tsaya ya share gumi. Na biyun yana can gefen da inuwar mai faci ta kare shi shekara da shekaru. Ya ja a hankali, a hankali, ya fito lafiya. Ya hure ƙurar, ya ƙirga da allura, ya sake ƙirgawa. Sannan ya ciro bolum ɗin aljihunsa ya kifa masa. Maɓallin ya sauka da kansa har ƙasa, ba dannawa, ba rawa. Mai faci da ya ji labarin ya ce a tafi da shi, shi dai kada a taɓa masa kujera.

A shago Baba ya wanke maɓallin da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Lambobin da ke jikinsa na masu dama ne, za su nuna wa Bahago goma a inda sifili yake, don haka ya kankare su tas. Ya yanko wata 'yar siririyar roba ya cusa a tsagar sandar, don ɓarin da ya tsage ya sami abin jingina. Ya jiƙa maɓallin a ruwan zafi ya ɗan saki. Ya buɗe bayan jitar, ya tokare bolum ɗin da babban yatsa, ya daidaita haƙori da haƙori, ya sauke shi. Tela, wanda ya riƙe numfashi tun ɗazu, ya sake shi da ƙarfi ya ce shi kam ɗinki ya fi masa kwanciyar hankali.

Ƙarfe huɗu ta yi, Bahago bai zo ba. Huɗu da rabi, shiru. Baba ya fita bakin ƙofa ya duba titi hagu da dama, ya dawo. Da biyar ta buga sai ya sa jitar a jakarta, ya nuna wa Tela ƙaramar amfilifaya da haɓa.

"Ɗauko."

"Ni ɗan dako ne?"

"Yau dai."

Matar Bahago ce ta buɗe musu. Ɗakin a share yake tsaf, labule a sauke, fanka na juyawa a hankali. Bahago na kishingiɗe a doguwar kujera da rigar barci tun ta safe, ƙwallon robarsa ya gangara ƙarƙashin tebur ba wanda ya ɗauko. Ya ga jakar, ya juya fuska bango.

"Baba, da ka hutar da kanka."

"Alkawari muka yi. Sau ɗaya. Ga guduma da ƙusa can a shago suna jira."

Ya cire fulogin fanka ya sa na amfilifaya, ya jona waya, ya ɗora jitar a cinyar Bahago kamar mai miƙa jariri, ya koma gefe ya harɗe hannu. Ɗakin ya ɗauki zafi nan take, ba wanda ya kula.

Bahago ya daɗe yana kallon sabon maɓallin. Ya taɓa gurzin gefensa da ɗan yatsa. Ya murɗa shi ƙasa har ya tsaya. Sannan ya gyara zama, ya danne tsirkiya da dama, ya naɗe ƙaramin yatsansa na hagu, ya taɓa, ya murza.

Sautin ya taso siriri, da ƙyar kunne ke kama shi. Ya yi ta girma daidai da tafiyar yatsan, bai yi tsalle ba, bai maƙale ba. Yatsan ya tsaya a rabi, sautin ya tsaya a rabi. Ya koma baya, sautin ya bi shi. Bahago ya sake, ya kuma sakewa, a hankali, da sauri, ya sake. Sau ɗayan da aka yi alkawari ya zama sau ashirin. Can ya ɗaga hannun hagunsa ya juya shi gaba da baya yana kallo.

"Ashe ba hannuna ba ne."

"Tun Talata na gaya maka."

"Ashe ba hannuna ba ne, Baba."

Matarsa ta zame ta zauna a bakin ƙofar kicin, ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Tela ya ce zafi ne ya sa idonsa ruwa, a mayar da fanka. Baba kuwa ya sunkuya da bayan nan nasa mai ciwo, ya duba ko maɓallin ya zauna daidai, ya ce wa matar ta gaya wa ƙanenta ba a yi fushi da shi ba, amma ya zo shago a nuna masa yadda ake ƙirga.

Baba Mai Awo, mun gode. Kai ne ka ƙi yarda mutum ya yanke wa kansa hukunci a kan laifin da ba nasa ba. Kai ne ka ba da kwana uku, da bayanka, da tafin hannunka, don abin da bai kai murfin kwalba girma ba, saboda ka san abin da ke rataye a jikinsa. Ba ka hau dandali ba, ba a taɓa tafa maka ba, amma akwai kiɗan da ba za a ƙara ji ba da ka ce "duk ɗaya ne". Allah ya ba ka lafiyar baya, ya sa hutun ya karɓe ka, ko da yake mun san za ka addabi mutanen gida da gyaran abin da bai lalace ba.

Ku kuma masu gyara, da masu ɗinki, da masu koyarwa, da masu jinya, da duk wanda ake kawo wa abu a ce ya duba, ga abin koyi. In abu ya ƙi shiga, kada ku danna. Ku tsaya ku duba, ku ƙirga, ku sake ƙirgawa. Wani lokaci wanda ya kawo muku kayan ya riga ya ɗora wa kansa laifin, kuma ku kaɗai ne za ku iya sauke masa.

Ranar Asabar Bahago ya je bita. Da aka zo wurin nasa, mawaƙiyar ta manta ba ta shigo ba, ta tsaya da makirufo a hannu tana saurare. Shugaban ƙungiyar ya ɗaga hannu zai tsayar da kiɗan a sake, sai ya fasa, ya bar shi ya kai ƙarshe.